Haruffan da Muka Ɓoye Hausa a Cikinsu

A farkon shekarun 1980 aka ɗora ni a bayan wata motar buhuna daga Anka, da akwatin ƙarfe da tabarma da ƙullin ƙuli-ƙulin da Inna ta cusa mini, aka kai ni makarantar sakandaren kwana ta maza da ke bayan garin Gummi. Ban ma sauke akwatin daga kaina ba wani babban ɗalibi ya tare ni a bakin ɗakin kwana, ya karanta mini dokar farko da Turanci: a cikin shingen makarantar nan ba a Hausa, ba a Fillanci. Duk abin da ba Turanci ba sunansa banakula, kuma laifi ne.

Dokar tana da gwangwani. Tsohon gwangwanin madara ne aka huda, aka zura masa igiyar rama, aka zuba tsakuwa a ciki don ya riƙa ƙara. Wanda aka ji yana banakula, a wuyansa ake rataya shi. Ba ka rabuwa da shi sai ka kama wani. Wanda taron yamma ya riska da gwangwani a wuya zai sha bulala, washegari a miƙa masa langalanga ya sare ciyawa. Bulalar ba ta dame mu kamar yadda gwangwanin ya mayar da mu ba. Yaron da kuka ci tuwo kwano ɗaya da shi sai ya laɓe bayan ƙofa yana jiran bakinka ya suɓuce.

Mataimakin shugaban makaranta ne uban dokar. Bahaushe ne ɗan yankinmu, mun sha ganinsa a kasuwa yana ciniki da Sakkwatancinsa tsantsa, amma da ya shigo ƙofar makaranta sai ya zama kamar bai taɓa jin Hausa ba.

Abokin bencina ɗan Fulani ne daga wata ruga wajen Gwashi, a ƙasar Bukkuyum. Ya girme ni, dogo ne siriri, kuma a lissafi ba mai kama ƙafarsa a ajinmu. Turanci yana karanta shi yana ganewa, amma in aka ce ya faɗa sai harshensa ya ɗaure. Shi ya fi kowa ɗaukar gwangwani, kuma dalili ɗaya ne: ba ya iya wuce mutum da safe bai gaishe shi ba. Haka aka tashe shi. Masu gwangwani suka gane haka, suka riƙa jiransa a bakin rijiya da sassafe. Yana cewa "Ina kwana," sai ka ji tsakuwa ta yi ƙara a ƙirjinsa. Da abin ya ishe shi sai ya daina gaisuwa. Daga nan ya daina magana gaba ɗaya, sai ɗaga kai da girgiza kai. Muna benci ɗaya, amma sai mako ya wuce ban ji muryarsa ba.

Malaminmu na Turanci mutumin Ghana ne, gajere, kullum da garin alli a gashinsa. Ba ya duka, amma in ka bar waƙafi inda bai dace ba sai ya dube ka kamar ka zubar masa da abinci. Wata rana ya shigo ya cika allo da gajerun kalmomi: a.m., p.m., e.g., etc., Dr., No. Ya ce ɗigon da ke bayan kowanne shaida ne cewa an yanke wa kalma wani sashe nata. Ya rubuta No. 4, ya shafe ɗigon da yatsa, ya ce mu karanta. Muka ga "lamba huɗu" ta koma "a'a huɗu," ajin ya fashe da dariya.

Sai ya rubuta jimla: The lorry leaves at 6 a.m. Ya tambaya ɗigo nawa za a sa a ƙarshe, tunda gajeriyar kalma tana son nata, jimla kuma tana son nata. Yawancinmu muka ce biyu. Ya ce ɗaya tak, shi zai yi aikin duka biyun. Amma in tambaya ce, ɗigon ya tsaya, alamar tambaya ta biyo bayansa. In kuma a tsakiyar jimla ne, ɗigo ya zo, waƙafi ya bi shi. Ya rufe darasin da gargaɗin da ya maimaita har muka haddace: kada ka kuskura ka rubuta gajeren da ba za ka iya faɗin cikakkensa ba in an tambaye ka.

Na wuni ina juya darasin a raina. Washegari a bakin rijiya na sami abokina yana jan guga, mai gwangwanin ranar na tsaye kusa da shi ya kafa kunne. Na matsa na ce da ƙarfi, da sunayen haruffan Turanci, "Ai. Ke.?"

Ya dube ni kamar na taɓu. Na tsoma yatsa a bokitinsa, na rubuta a kan sumuntin bakin rijiyar: I.K.? Ɗigo, ɗigo, sannan alamar tambaya, yadda aka koya mana. Na nuna masa rana da ke fitowa. Ya tsura wa rubutun ido har ya fara bushewa. Can sai na ga haƙoransa. Ya jiƙa nasa yatsan ya rubuta L.L.

Lahiya lau. Mai gwangwani ya leƙa, ya duba, bai sami abin kamawa ba.

Kafin wata ya ƙare abin ya cika 'yan aji ɗaya, ya haura zuwa aji biyu. B.K., ba komai. S.A., sai anjima. M.H., mu hita. S.N.T., siniya na tahe, wato babban ɗalibi na zuwa, wannan kam ta ceci bayan mutane da yawa. Akwai wani yaro da ya yi firamare a Kano, ya dage wai M.F. ne daidai, tunda "fita" ake rubutawa a littafi. Muka ce a nan hita muke yi, in yana son fita ya koma inda ake fita. Muka riƙa cusa haruffan cikin jimlolin Turanci yadda kunne ba zai tsargu ba. Sai ka ji yaro ya ce I am going to the mosque, S.A., ya wuce abinsa. Shugaban ɗalibai ya taɓa cafke ni zai rataya mini gwangwani, na ce ya nuna mini harafi ɗaya a cikin abin da na faɗa wanda ba na Turanci ba. Ya tsaya da igiya a hannu, ya yi ƙwafa, ya sake ni.

Abokina ya dawo da magana. Da haruffan ya fara, daga baya, don ya sami inda zai rataya su, ya shiga ƙulla musu jimlolin Turanci a gaba. Ba wanda ya yi tsammanin haka, har ni.

Wata safiya malamin Turanci ya shigo ya tarar wani ya rubuta a allo: The beans have weevils again, A.W.. Allah wadai ke nan, kuma gaskiya ne, waken makarantar nan ƙwarinsa sun fi ƙwayarsa. Muka zuba wa malamin ido. Ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya sa ɗan yatsa ya shafe ɗigo ɗaya daga biyun ƙarshe, ya juyo ya ce da Turanci, "Sau nawa zan faɗa muku? Ɗaya." Yana buɗe littafinsa muka ji ya ce ƙasa-ƙasa, da wata irin Hausa mai lanƙwasa, "Wake ba daɗi, ko?" Ashe kusa da zangon Hausawa ya tashi a ƙasarsu. Bai ƙara cewa komai ba, mu ma ba mu kai maganar ko'ina ba.

Da damina ta yi tsakiya, ana gab da jarrabawar ƙarshen zango, kawun abokina ya zo a kan keke ranar kasuwa, ƙafafunsa duk laka. Innar abokina ta rasu. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, gulbi kuma ya cika, ba a sami mai kawo labari ba sai da aka riga aka rufe ta. Kawun ya nemi a ba shi yaron su tafi zaman makoki. Mataimakin shugaba ya ce a bari a gama jarrabawa, tunda an riga an yi jana'iza. Kawun ya daɗe tsaye a bakin ofis, hularsa a hannu, sannan ya tura kekensa ya tafi.

Abokina ya je ya zauna gindin dogonyaron da ke bayan ajinmu. Bai yi kuka ba. Yara suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa ya tsaya ya ce "Sorry," ya wuce. Kalmar da muke faɗa wa wanda muka taka wa ƙafa a layin abinci. Ita kaɗai muka sani. Mai gwangwanin ranar kuma yana zaune a kan wani dutse nesa kaɗan, bulalar yamma na jiransa, yana fatan wani ya manta.

Na je na durƙusa kusa da shi na ce, "A.S.J.T." Ya gane. Ya gyaɗa kai bai ɗago ba. A wurin na fara jin haruffan nan sun yi kaɗan. Uwa ce ta mutu, ni kuma ina lissafa masa baƙaƙe kamar mai karanta lambar mota. Raina ya ɓaci, ban san da wa zan yi faɗa ba. Na tashi na ɗauki alli a aji, na tafi babban allon sanarwa da ke gaban filin taro, na rubuta da manyan baƙaƙe: Our brother in Form One has lost his mother. A.S.J.T.

Da safe a filin taro mataimakin shugaba ya tsaya gaban allon, bulala a hammata. Ya daɗe yana jin ƙishin-ƙishin haruffanmu, yanzu ga su an baje masa a fili. Ya tambaya wa ya rubuta. Na fito.

"Mene ne cikakkensa?" ya ce da Turanci.

Monitan ajinmu yaro ne mai saurin dabara. Tun muna cikin layi ya raɗa mini mafita: in ce All Students Join Together. Haruffan sun dace tsaf. Da na faɗi haka da sai dai a harare ni a ce in koma layi.

Mataimakin ya juya wajen malamin Turanci. "Malam, akwai wannan a Turanci?"

Malamin ya matso ya duba allon, hannayensa a baya. Ya ce, "Ɗigoginsa dai daidai suke, kowanne a wurinsa. Abin da yake nufi kuwa, mai rubutawa shi ya kamata ya sani." Ya koma inda yake tsaye.

Na duba layin ajinmu. Abokina na can baya saboda tsawonsa, kansa a sunkuye. Na ji in na buɗe baki na ce ɗalibai su haɗa kai, na mayar da mutuwar innarsa wasan yara. Na juya wa mataimakin baya, na fuskanci layin, na ɗaga murya.

"Allah shi jiƙan ta."

Makarantar gaba ɗaya ta ce, "Amin."

Ba shiri aka yi ba. Baki ne ya riga tunani. Manyan ɗalibai, malamai, har mai dafa abinci da ke wucewa da itace a ka, kowa ya amsa. Na ci gaba, tunda na riga na fara. "Allah shi yi mata rahama. Shi sa ta huta. Shi ba ka haƙuri, kai da ƙannenka." Kowace na faɗa filin ya amsa, amin ɗin na ƙara kauri. Abokina ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Yaran da ke kusa da shi suka dafa shi.

Mataimakin ya bari filin ya lafa. Sannan ya kira mai gwangwani, ya cire shi daga wuyansa da hannunsa, ya rataya mini. A wurin aka kwantar da ni a benci, ya yi mini bulalar da har yau ina tuna zafinta in na kwanta rigingine a kan tabarma. Da rana malamin Turanci ya shiga ofishin shugaban makaranta da kansa, ya fito da takardar izini, abokina ya tafi gida a motar kasuwa.

Ni kuma aka bar ni da gwangwani. A ranar na yanke shawarar ba zan rataya wa kowa shi ba.

Da yamma aka kira mai gwangwani, na fito, na sha bulala. Washegari na sari ciyawa, da yamma na sake fitowa. Shugaban ɗalibai ya fara jin nauyin abin. Ya ja ni gefe ya nuna mini wasu yara biyu da ke hira a bakin famfo. "Ba ka ji su ba? Banakula suke yi. Je ka ba su ka huta."

Na ce masa da Hausa, "Na jiya, Siniya. Ba ni ba su."

Ya zaro ido. Sai a lokacin ni kaina na lura da wani abu: wanda gwangwani ke wuyansa ba shi da sauran abin tsoro. Mi za a ƙara mini? Na shiga Hausata ko'ina, a layin abinci, a fili, a bakin rijiya, tsakuwa na ƙara a ƙirjina. Sauran yara kuma suka gane ba mai laɓe musu. Ɗakunan kwana suka cika da hira kamar an buɗe dam. Aka kawo gwangwani na biyu, aka rataya wa wani ɗan aji biyu daga Bukkuyum. Shi ma ya ƙi ba kowa. Da yamma mu biyu muke fitowa, bayanmu duk shatar bulala, muna tafiya a karkace.

Ba zan ce ban yi kuka ba. Akwai yammacin da na zauna bayan ɗakin kwana, tafin hannuna duk ya faffashe da langalanga, na ji wani ƙaramin yaro na waƙa da Hausa a bayan taga. Taku kaɗan ne tsakaninmu, da na so da na rataya masa gwangwanin na huta. Na zauna a kan hannuwana har ya gama ya tafi.

Daga ƙarshe mataimakin ya kira ni ofis. Ya rufe ƙofa, ya dube ni, sai ya yi abin da ban taɓa ji ba a cikin shingen nan: ya yi mini Hausa.

"Kai yaro, mi kaka so ka zama?"

Bai jira amsata ba.

Ya ce shi Turanci ne ya kayar da shi a jarrabawa, ya zauna gida yana kallon waɗanda ya fi ƙoƙari suna wucewa gaba. Ya ce takardar jarrabawar da za a kawo mana daga nesa ba ta san Sakkwatanci ba, ba ta san ta'aziyya ba. Yana magana yana bubbuga tebur a hankali, kuma na ga da gaske yake.

Na ce, "Malam, ni ba Turanci niƙ ƙi ba. Ku duba takardata wurin malamin Turanci. Amma ba ni yi ma mutum gaisuwar uwa tai da Turanci, kuma ba ni laɓe ma ɗan'uwana."

Ya ce in tafi gida in zo da mahaifina.

Baba manomi ne, kuma a tsakiyar noma na same shi. Na zaci zai kama ni da duka don na raba shi da gona. Ya saurare ni har na gama, ya sa na ɗaga riga ya duba bayana. Washegari ya sa babbar rigarsa muka hau mota. A ofis mataimakin ya fara bayani, dole da Hausa, tunda Baba ko "kam" na Turanci bai sani ba. Baba ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "Malam, sata ya yi?"

"A'a."

"Ya zagi wani babba?"

"A'a, amma ya karya doka gaban kowa."

"Ta'aziyya ce ya yi, aka ce mani." Baba ya gyara zama. "In karatu ya ƙi, ku buge shi, ni ma in ƙara mai. Amma wagga, da bai yi ta ba, da ni zan buge shi."

Aka daɗe ana magana, shugaban makaranta ma ya shigo. Ba a soke dokar ba. Har na bar makarantar nan Turanci ne tilas a aji da filin taro, daga safe har a tashi karatu. Amma aka bar mana ɗakin kwana da masallaci da bakin rijiya, kuma aka karɓe gwangwanayen biyu, ba a sake fito da su ba. Ni kuwa tafiyata gida ta sa na rasa jarrabawar darussa biyu, aka ba ni sifili a cikinsu, na faɗo can ƙasan aji a zangon nan. Mataimakin bai sake yi mini magana da Hausa ba, ko a kasuwa muka haɗu.

Da aka yi hutu abokina ya zo har Anka ya roƙi Baba ya bar ni in bi shi rugarsu. Muka sauka a Gwashi, muka taka sauran da ƙafa ta cikin gero da ya fi mu tsawo. Mahaifinsa ya tarbe ni da Hausa, amma da aka zauna aka kawo ƙwaryar nono sai hira ta koma Fillanci, na zama ni ne bebe. Ƙannensa mata suka kewaye ni suna nuna saniya, suna nuna ƙwarya, suna faɗin sunayensu, in na maimaita su kwashe da dariya har su faɗi ƙasa. Wata tsohuwa, kakarsa, ta kore su, ta zauna kusa da ni ta kama hannuna. Ta yi ta maimaita mini gaisuwar safe a hankali, tana jira in faɗa, tana gyara mini, har ta gamsu. Sannan ta tura ni in je in gaida mutanen bukka ta gaba ni kaɗai.